Surigao: Daren da manyan jiragen ruwa masu sulke suka yi karonsu na ƙarshe

Da misalin ƙarfe 4 da minti 8 na asubahin Laraba, 25 ga watan Oktoban 1944, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Mississippi ya saki harsasai 12 a lokaci guda cikin duhu, a wani mashigin teku da ake kira Surigao a kudancin ƙasar Filifin. Masana tarihin yaƙi sun haɗu a kan cewa tun daga wannan harbi, wani babban jirgi mai sulke bai sake ɗana igwa a kan ɗan'uwansa ba a ko'ina cikin duniya.

Cikin sa'o'i kaɗan na wannan dare, mayaƙan ruwan Japan fiye da dubu 4 suka hallaka, yayin da Amurka ta rasa mutane 39. Irin wannan tazara ce ta sa wasu manazarta ke ganin abin da ya faru ya fi kama da tarko fiye da yaƙi. Abin tambaya shi ne, me ya sa Japan ta tura jiragenta cikin mashigin da ta san an tare bakinsa?

Man fetur da kuza

Amsar tana cikin man fetur. Japan ba ta da man da zai ishe ta a ƙasarta, kuma neman shi ne babban abin da ya kai ta ga mamaye kudu maso gabashin Asiya a ƙarshen 1941 da farkon 1942. Ta ƙwace rijiyoyin mai na tsibiran Borneo da Sumatra, ta kuma karɓe Malaya, ƙasar roba da kuza, daga hannun Ingila. Birnin Singafo ya faɗi ranar 15 ga Fabrairun 1942.

Wannan faɗuwa ta taɓa Arewacin Najeriya kai tsaye. Da Ingila ta rasa kuzar Malaya, sai ta juyo kan wuraren haƙar kuza na Najeriya, waɗanda cibiyarsu ke tsaunukan Jos, suka kuma miƙe har zuwa irin su Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu a kudancin Kano, garin da aka sani da kuza tun kafin zuwan Turawa. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama daga cikinsu. A ɗaya ɓangaren kuma, an kwashi matasa cikin rundunar sojan Afirka ta Yamma aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga can zuwa dajin Bama. A watan da aka yi karon Surigao, runduna ta 81 tana cikin kwarin kogin Kaladan tana fafatawa da Japanawa, runduna ta 82 kuwa tana shirin shiga fagen daga a yankin Arakan.

Duk dukiyar da Japan ta mallaka a kudu, ta teku take bi zuwa gida, kuma ta teku makamai ke komawa ga dakarunta. Tsibiran Filifin suna zaune ne a gefen wannan hanya. Saboda haka da Janar Douglas MacArthur ya sauke sojojin Amurka a tsibirin Leyte ranar 20 ga Oktoban 1944, hukumomin Tokyo sun fahimci cewa ana shirin yanke musu jijiya. Babban kwamandan jiragen yaƙin Japan, Admiral Soemu Toyoda, ya yi wa masu bincike na Amurka bayani bayan yaƙi cewa idan Filifin ta suɓuce, jiragen da ke gida ba za su sami mai ba, waɗanda ke kudu kuma ba za su sami harsashi ba, don haka babu amfanin adana su.

Shirin Japan

A lokacin ƙarfin Japan na sama ya riga ya karye. Ta yi asarar ɗaruruwan jiragen sama da ƙwararrun matuƙa a watan Yuni, ta sake yin wata asarar a sararin Taiwan a tsakiyar Oktoba. Abin da ya rage mata shi ne manyan igwogi, sai kuma dabara.

Aka tsara cewa Admiral Jisaburo Ozawa zai gangaro daga arewa da jirage huɗu masu ɗaukar jiragen sama, waɗanda kusan babu komai a kansu, domin ya ja hankalin babbar rundunar Amurka ta Admiral William Halsey ta bi shi. Idan ƙofa ta buɗe, Admiral Takeo Kurita zai ratsa tsakiyar tsibiran ta mashigin San Bernardino da ayari mafi ƙarfi, ciki har da Yamato da Musashi, jiragen sulke mafi girma da aka taɓa ƙerawa. Ayari na uku, ƙarƙashin Admiral Shoji Nishimura, zai zagayo ta kudu ya bi mashigin Surigao. An so ayarin Kurita da na Nishimura su haɗu a gaɓar Leyte da asubahin 25 ga wata, su rutsa jiragen jigilar sojojin Amurka a tsakiya.

Nishimura ya tashi daga Brunei ranar 22 ga Oktoba da jirage bakwai kacal. Biyu daga ciki, Fuso da Yamashiro, manya ne masu sulke, amma tsofaffi: an kammala na farko a 1915, na biyu a 1917. Kowannensu ya haura mita 200 a tsawo, wato kimanin filin ƙwallo biyu a jere, yana ɗauke da manyan igwogi 12, da wata doguwar hasumiya a gaba wadda ake gane su da ita daga nesa. Saura su ne matsakaicin jirgi mai suna Mogami, da ƙananan jiragen rakiya masu sauri guda huɗu. Shi kansa Nishimura gogaggen matuƙi ne, kuma ɗansa, wanda matuƙin jirgin sama ne, ya mutu a Filifin tun a farkon yaƙin.

Akwai kuma wani ayari na Admiral Kiyohide Shima, shi ma mai jirage bakwai, da aka umarta ya bi ta Surigao. Sai dai shi da Nishimura ba ƙarƙashin shugaba ɗaya suke ba, ba su kuma tsara komai tare ba. Shima ya riƙa bin sahu da tazarar kilomita 60 ko fiye, kuma wannan rarrabuwa ta ba Amurkawa damar fuskantar su ɗaya bayan ɗaya.

Tarko a bakin mashigi

Da safiyar 24 ga wata jiragen saman Amurka suka hango ayarin Nishimura a tekun Sulu, suka jefa masa bama-bamai, amma ɓarnar ba ta da yawa. Muhimmin abu shi ne asiri ya tonu. A ranar ce kuma aka nutsar da Musashi, har Kurita ya ɗan juya da baya, wanda hakan ya wargaza lissafin lokacin haɗuwa. Nishimura ya ci gaba da tafiya.

Kwamandan runduna ta bakwai ta Amurka, Admiral Thomas Kinkaid, ya ɗora wa Admiral Jesse Oldendorf alhakin toshe mashigin. Wurin ya dace da tsaro: tsibirin Leyte a yamma, Dinagat a gabas, faɗin ruwan bai wuce kilomita ashirin da 'yan kai ba, ga igiya mai ƙarfi. Wanda ya shigo daga kudu dole ya miƙe arewa a layi ɗaya.

Oldendorf ya jera shingaye hawa-hawa. Can nesa a kudu ya baza ƙananan kwalekwale masu inji 39, masu ɗauke da tofido, wato nakiyar da ke gudu da kanta a ƙarƙashin ruwa. A gefuna biyu na mashigin ya ɓoye jiragen rakiya kimanin 28 a jikin duhun tsibirai. A bakin arewa ya ajiye matsakaitan jirage takwas, ɗaya daga ciki, Shropshire, na Ostireliya ne. A bayansu kuma manyan jiragen sulke shida suna kai-komo a hankali daga gabas zuwa yamma: West Virginia, Maryland, Mississippi, Tennessee, California da Pennsylvania.

Biyar daga cikin shidan suna tashar Pearl Harbor ranar 7 ga Disambar 1941 lokacin da Japan ta kai harin da ya jawo Amurka cikin yaƙin. West Virginia da California sun nutse har ƙasa a ranar, daga baya aka tsamo su aka sake gina su. Wannan gyara ne ya ba su sababbin na'urori, kamar yadda za a gani.

Wannan jeri na Oldendorf shi ne burin kowane kwamandan jiragen sulke. Idan jiragenka suka gitta a gaban layin abokin gaba, kamar sandar saman harafin T, kowace igwa taka za ta iya harbi, shi kuwa igwoginsa na gaba kaɗai ke da amfani. Da irin wannan dabara Admiral Togo na Japan ya ragargaza jiragen Rasha a Tsushima a 1905, kuma kowane hafsan ruwan Japan ya karanta ta a makaranta. Damuwar Oldendorf ɗaya ce: an loda wa jiragensa akasari harsasan ragargazar gaɓa ne, masu huda sulke ba su da yawa. Don haka ya ba da umarni kada a yi harbi sai abokin gaba ya matso.

Dare ya daina zama na Japan

A shekarun farko na yaƙin, dare abokin Japanawa ne. Sun shafe shekaru suna atisayen faɗa cikin duhu, suna zaɓen masu kaifin gani a matsayin 'yan tsinkaye, suna da manyan madubin hangen nesa da tofido mai dogon zango da babu irinsa. A daren 9 ga Agustan 1942, kusa da tsibirin Savo, sun nutsar da matsakaitan jirage huɗu na Amurka da Ostireliya, mutane fiye da dubu suka mutu, su kuwa ba su rasa jirgi ko ɗaya a wurin ba.

Na'urar rada ce ta sauya lamarin. Tana aika sigina ta iska, siginar ta bugi ƙarfe ta dawo, daga nan a san nisan abu da inda ya dosa, ko da ido bai ga komai ba. An ga alamar haka a watan Nuwamban 1942 a Guadalcanal, lokacin da jirgin Washington ya lalata Kirishima na Japan da tsakar dare. Wancan karo da na Surigao su ne kaɗai lokuta biyu da manyan jiragen sulke suka fuskanci juna a duk yaƙin tekun Pasifik.

A daren Surigao watan Zulƙida yana da kimanin kwana bakwai, saboda haka farin wata ya faɗi wajen tsakar dare. Bayan nan sai duhu, da ɗan ruwan sama jefi-jefi.

Yadda aka gwabza

Da ƙarfe 10 da minti 36 na dare ɗaya daga cikin kwalekwalen ya gano ayarin Nishimura. Sama da sa'o'i uku ƙananan jiragen suna kai farmaki rukuni-rukuni, Japanawa suna haska su da fitilu suna korarsu da harbi. Babu tofidonsu ko ɗaya da ya sami jiragen Nishimura. Amma sun yi aikin da ya fi wannan muhimmanci, domin kowane rukuni ya aika wa Oldendorf labarin inda ayarin ya kai.

Wajen ƙarfe 3 na dare jiragen rakiya na Kyaftin Jesse Coward suka fito daga gefuna biyu, suka saki tofido, suka juya cikin hayaƙi. A nan ne aka yi ainihin ɓarnar. Tofidon jirgin Melvin ya sami Fuso, ya rage gudu, ya fice daga layi. Minti kaɗan bayan haka na jirgin McDermut suka sami jiragen rakiyar Japan uku: Yamagumo ya tarwatse nan take, Michishio ya tsaya cik har aka ƙarasa shi, Asagumo kuma gabansa ya guntule. Yamashiro ma ya sha tofido, amma bai tsaya ba. Alamu sun nuna cewa Nishimura bai ma san Fuso ba ya bayansa ba, domin ya ci gaba da aika masa umarni ta rediyo.

Kafin manyan igwogin Amurka su yi magana ke nan, jirage uku kaɗai suka rage masu iya faɗa: Yamashiro, Mogami da ƙaramin jirgi Shigure. Radar West Virginia ta riga ta kama su tun ƙarfe 3 da minti 16, daga nisan kilomita 38.

Da ƙarfe 3 da minti 51 matsakaitan jirage suka buɗe wuta. Minti biyu bayan haka West Virginia ya yi harbi daga nisan kusan kilomita 21, kuma harbin farko ya sami Yamashiro. Kowane harsashi nasa ya kai nauyin tan guda, kwatankwacin buhun masara goma. Ya harba 93, Tennessee ya harba 69, California 63. Waɗannan uku su ne masu sabuwar radar saita igwa. Sauran ukun, masu tsohuwar na'ura, sun sha wahalar gano abin harbi. Maryland ya yi dabarar auna inda harsasan 'yan'uwansa ke faɗawa cikin ruwa, ya harba 48. Pennsylvania bai yi harbi ko sau ɗaya ba. Mississippi kuwa bai samu saiti ba sai a ƙarshe, ya yi harbinsa guda ɗaya, wanda ya shiga tarihi.

Yamashiro yana ci da wuta daga gaba har baya, amma bai daina mayar da martani ba. A cikin wannan ruɗani jirgin rakiyar Amurka Albert W. Grant ya faɗa tsakanin wuta biyu, kuma akasarin harsasan da suka same shi na 'yan'uwansa ne. Mutane 38 suka mutu a cikinsa, kusan duk asarar rayukan da Amurka ta yi a daren. Saboda shi ne Oldendorf ya tsayar da harbi da ƙarfe 4 da minti 9, bayan minti 18 kacal. Yamashiro ya juya kudu yana neman tsira, wani tofidon ya sake samunsa, ya kife ya nutse da ƙarfe 4 da minti 19 tare da Nishimura.

Shima ya iso a makare

Ayarin Shima ya shigo mashigin yana ratsa hayaƙi da man da ke ci a kan ruwa, bayan wani kwalekwale ya riga ya raunata masa jirgi ɗaya, Abukuma. Ya saki tofido kan wasu alamu da radarsa ta nuna, waɗanda ake jin tsibiri ne, sannan ya juya. A wajen juyawar jirginsa Nachi ya yi karo da Mogami, wanda matuƙan suka ɗauka a tsaye yake alhali yana tafiya a hankali cikin wuta. Shima ya yanke shawarar janyewa. An zarge shi da rashin jarunta, amma da wuya a ga abin da shigarsa za ta ƙara in ban da yawan gawawwaki.

Da gari ya waye Amurkawa suka nutsar da Asagumo, jiragen sama suka sake dukan Mogami har Japanawa suka ƙarasa shi da hannunsu. Cikin jirage bakwai na Nishimura, Shigure kaɗai ya koma, shi ma wani jirgin ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi a watan Janairun 1945. Fuso da Yamashiro kowannensu na ɗauke da mutane fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma kimanin goma-goma ne suka rayu. Da yawa daga waɗanda ke yawo a ruwa sun ƙi karɓar igiyar ceto daga jiragen Amurka.

Sai dai sadaukarwar ta kusa yin amfani. Halsey ya haɗiye ƙugiyar Ozawa ya tafi arewa da dukkan ƙarfinsa, Oldendorf kuma yana kudu, harsasansa sun ragu. Cikin wannan daren sai ga Kurita ya ɓullo ta San Bernardino ba tare da kowa ya tare shi ba, da gari ya waye ya auka wa wasu ƙananan jiragen Amurka kusa da tsibirin Samar. Sun yi turjiya mai tsanani, aka nutsar da huɗu daga cikinsu, sannan Kurita, wanda ya zaci babbar runduna yake fuskanta, ya juya ya tafi alhali gaɓar Leyte na gabansa. Har yau ana muhawara kan wannan shawara tasa. A ranar ce kuma matuƙan ƙunar baƙin wake na Japan, waɗanda ake kira kamikaze, suka nutsar da jirginsu na farko, St. Lo.

Abin da ya biyo baya

A kwanakin yaƙin Leyte baki ɗaya Japan ta rasa manyan jiragen sulke uku da masu ɗaukar jiragen sama huɗu, ban da matsakaita da ƙanana, kuma rundunar ruwanta ba ta sake fita yaƙi a matsayin runduna guda ba. Zuwa watannin farko na 1945 jigilar mai daga kudu ta tsaya.

Ba za a ce Surigao ce ta karya Japanawa a Bama ba, domin sun riga sun sha mummunan kaye a Imphal da Kohima a tsakiyar 1944. Amma dakarun da sojojin Afirka ta Yamma suka fuskanta daga nan, dakaru ne da hanyarsu ta gida ke toshewa. A watan Janairun 1945 runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu suka karɓi garin Myohaung. Sunayen wannan fage suna nan a barikokin sojan Najeriya, kamar barikin Myohaung a Legas, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya.

Ɗaya daga cikin matsakaitan jiragen Oldendorf, Phoenix, ya yi wata rayuwar daban. An sayar wa Ajantina shi a 1951, daga baya aka sa masa suna General Belgrano, kuma jirgin ƙarƙashin ruwa na Ingila ya nutsar da shi ranar 2 ga Mayun 1982 a yaƙin tsibiran Falkland.

Shekaru da dama littattafai suna cewa Fuso ya fashe ne ya rabu biyu, kowane ɓari yana yawo yana ci da wuta. Masanin tarihi Anthony Tully, a littafinsa na 2009, ya bi bayanan 'yan tsirarun da suka tsira ya nuna cewa jirgin ya sha ruwa ne ya kife cikin kimanin minti 40, abin da aka gani yana ci kuwa mai ne da ya malala. A ƙarshen 2017 jirgin bincike mai suna Petrel, mallakar attajirin Amurka Paul Allen, ya gano gawar Fuso da ta Yamashiro a zurfin kusan mita 200, dukkansu a kife, kuma gangar jikin Fuso ba ta rabu gida biyu ba.